Surukina da ƙwaron bagaruwa

Ranar Laraba da hantsi surukina ya cika, gero yana tsaye a gona ba a fara yanka ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Da la'asar ƙofar gidanmu ta cika har sai da aka ari tabarmi daga gidaje huɗu. Mu mata muna ciki, zana ce kawai tsakaninmu da maza, kuma zanar gidanmu ta tsufa, duk mai son gani zai gani.

Ta nan na hango marina, abokan sana'arsa, sun zauna layi guda. Da aka ɗaga hannu don addu'a sai ga tafukansu duka shuɗi, tun daga na farko har na ƙarshe. Tun safe nake daurewa, wannan ne ya karya ni, na yi kuka sosai. Wata tsohuwar Bafulatana ta taso tun daga wajen Gidan Sori da ƙwaryar nono a kai, ta ajiye gaban uwar mijina, ta ce da irin Hausarta, "Tsoho mai baba ya tahi. Sau uku ya hana ni zanena, ya ce bai ƙoshi da rini ba. Ga shi jikina har yau bai kwaɗe ba." Uwar mijina ta taɓa bakin zanen. Gwaggon mijina kuwa ta yi ta rusa kuka har aka tuna mata cewa ba kyau, ta yi shiru kaɗan, ta ci gaba.

Wani malami da ya zo daga Cadakori, wanda bai san mamacin ba sai a kasuwa, ya ɗauki yabo. Ya ce bawan Allah ne mai haƙuri, marar gardama, wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Mutane suna ta cewa haka ne, haka ne. Sai na ji muryar ƙanen surukina, wanda muke kira Baba ƙarami.

"Malam, wa kake hwaɗi? Wanga da munka rufe ɗazu?"

"Shi fa."

"To ba ka san shi ba. Duk Gobir babu mai taurin kai irin nai. Ku roƙa mishi gahwara dai, amma kada ku yi mishi ƙarya, ba shi so."

Aka rasa na yi, kuka ko dariya. Ni dai na san gaskiya ya faɗa, kuma na san ba wanda rasuwar ta taɓa kamarsa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne tsoro. Atamfa ta cika kasuwa, ramukan marina suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙananan jikokinsa kuma ba su san shi ba sai a matsayin makahon tsoho mai zama gindin bango. Ba na son abin ya tsaya a nan. Sunansa dai ba zan rubuta ba. Ban taɓa furta shi yana da rai ba, ba kuma yau zan fara ba don ya kwanta. Baba muke ce masa, haka zan kira shi.

Baba marini ne ɗan marini. Dogo, siriri, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, ko ranar salla haka yake. Ba ya yarda da launi a inuwa. In ya tsamo zane sai ya fita da shi fili, ya ɗaga shi ga rana, ya juya shi, ya karkata kai kamar zakara yana duban tsaba. Kalmarsa guda ce, kowa a garin ya haddace ta: "Ka gani, ko an hwaɗa maka?" In ka zo masa da labarin an yi ruwa a Tibiri, abin da zai tambaye ka ke nan. In ka ce wance ta haifi tagwaye, haka. Har mai unguwa ya sha wannan tambayar, bai kuma ji daɗinta ba.

Ni daga wajen Gazawa aka kawo ni gidan. A garinmu mata suna tsintar fukafukan wani ƙwaro su ɗinka a bakin faifai don ado. Ƙwaron bagaruwa muke ce masa, ban san yadda wasu ke kiransa ba. Girmansa kamar dabino, bayansa tsanwa ne mai sheƙi, yana fitowa ƙarshen damina ya yi ƴan makonni ya ɓace. Na zo da irin wannan faifan guda uku cikin kayana, ina ji da su. Matan gidan suka gani suka kama hanci, wai amarya tana rufe abinci da gawar ƙwari. Na sha kuka a ɗaki, har na yi niyyar jefa su a wuta. Ban san yadda maganar ta kai kunnen Baba ba. Sai uwar mijina ta fito tsakar gida ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, mai gida ya ce daga yau kada a rufe masa tuwo sai da faifan amarya. Daga ranar ba wadda ta sake kama hanci. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa gode masa da baki ba, don suruka ba ta tsayawa hira da uban mijinta. In mun haɗu a hanya sai in tuɓe takalmi, in durƙusa gefe, in gaishe shi ina duban ƙasa, ya amsa yana duban wani wuri.

Daga baya na gane ba tausayi ne kaɗai ya sa shi ba. Mutumin nan yana son ƙwaron nan. Akwai bagaruwa babba a bakin gonarmu, kusa da hanyar marina. Can shi da Baba ƙarami suke hutawa da tsakar rana tun suna samari, can kuma gardamarsu ta samo asali, tun ban zo duniya ba.

Ga abin da suke musu a kai. Baba ya ce namijin ƙwaron nan da ido yake neman mace. Ya ce ya zauna ya duba shekara da shekaru: in rana ta take, macen, wadda ta fi namijin jiki, sai ta hau saman ganye ta baje bayanta ga haske, namijin yana shawagi a sama, da ya hango sheƙin sai ya faɗo mata kai tsaye. Ranar da gari ya yi lumshi kuwa ba ka ganin haka, kowa yana laɓe. Baba ƙarami maharbi ne, rabin rayuwarsa a daji ya yi ta. Shi ya ce wannan zancen marini ne, wanda komai na duniya launi yake gani. Bunsuru da hanci yake neman akuya, kare haka, ingarma haka, barewa haka, to ƙwaro wane ne da zai fita daban? Kowace shekara ƙwarin suna fitowa, gardamar tana fitowa tare da su. Su yi ta yi har makogwaro ya bushe, su sha fura a ƙwarya guda, da yamma su ci tuwo a akushi guda a zaure. Mutanen gari sun saba, har in an ji muryoyinsu daga bagaruwa sai a ce kaka ta kusa.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, abin ya ɓaci. Maigidana ya bi samari zuwa Maradi kallon biki, ya dawo da ƴar ƙaramar tuta da wata kwalbar lemo tsanwa wadda ya shanye abin cikinta tun a can. Lokacin kwalba abar so ce, uwar mijina har ta gama shirin zuba man shanu a ciki. Baba ya karɓa, ya fita da ita fili, ya ɗaga ta ga rana. Sannan ya sa ta cikin aljihun riga.

Da ƙwarin suka fito ya ɗaura mata igiya a wuya ya rataye a reshen bagaruwa, ya aika aka kira mutane. Na kai fura gona ranar, na tsaya nesa ina kallo. Ba a jima ba sai ga namiji ya faɗo kan kwalbar, ya hau bayanta yana ta fama, yana zamewa yana komawa. Wani ya zo, wani ya biyo shi. Maza suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, mu mata muka rufe fuska da gyale.

Baba ya ce, "To, Maharbi. Kwalba tana da warin mace?"

Baba ƙarami ya kwance kwalbar, ya kai hanci bakinta, ya shinshina. Ya ce, "Zaƙi ya rage ciki. Dubi ƙudaje ma sun zo, su ma aure sunka zo nema?"

Ƙudajen kuwa suna nan, ba a iya musawa. Da ya tsaya nan da ba komai. Amma ya ga maganarsa ta ba mutane dariya, daɗi ya ɗebe shi, ya ƙara da cewa dattijo mai jikoki ya rasa aikin yi sai leƙen auren ƙwari, a naɗa shi waliyyinsu kawai a huta. Baba ya ce gara shi, da wanda ya yi shekara talatin yana bin wari a daji har ba a bambanta shi da karensa. Nan dariya ta tsaya. Kowa ya kama hanyarsa.

Da yamma na kai akushi zaure kamar kullum, aka dawo mini da shi, aka ce in raba biyu. Damina biyu ina raba tuwon nan biyu. Suna gaisawa a masallaci, iyakarta ke nan. Sunan waliyyin ƙwari kuma ya bi Baba har kasuwa, ana faɗa a bayansa. Ni a ganina dukansu sun yi laifi, amma na Baba ƙarami ya fi, kuma ban fasa ganin haka ba.

A cikin waɗannan shekarun ne idon Baba ya fara tafiya. Yanar ido ce ta soma rufe shi a hankali. Mun gane kafin ya faɗa. Ya tsamo zane mai dabbare-dabbare ya ce ya yi, sai da maigidana ya mayar da shi rami a ɓoye. Yana zuba ruwa a buta rabi yana zuba ƙasa. Ya daina fita da zane fili, sai ya riƙa murza shi da yatsu. Ya hana a gaya wa kowa, musamman ƙanensa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tambayar mutane ko sun gani, yau shi ne sai an faɗa masa. Na ji masa ciwon wannan ƙwarai.

Wata rana ƙarshen damina na ɗauki fura zan kai gona, goye da ƴata ta uku, tana wata bakwai. Na tarar da shi zaune shi kaɗai a gindin bagaruwa. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi. Zan tashi sai na ji ya ce:

"Amarya."

Haka yake kiran jikar, irin wasan kaka da jika. Na tsaya.

"Amarya, tambaya mini uwarki, ƙwarin ga sun hito bana?"

Na duba hagu da dama, ba kowa. Na juya kai wajen goyon na ce, "Ki ce ma kakanki sun hito, tun shekaranjiya."

"Tambaye ta, suna da yawa?"

"Ki ce mishi sun fi na bara."

Ya ce, "Amarya, mijinki tsoho ya ga ƙarshen ganinshi. Bana ina rarrabe haske da duhu, baɗi ban sani ba. Ina son in kashe maganar ga da ƙanena tun ina iyawa. Ina biɗar aron ido."

Haka muka fara. Da ƴar fari ce a bayana da abin bai yiwu ba, don ita ma kunyarta nake ji, ba na yi mata magana gaban mutane. Amma ta uku ce, ba ruwan kowa. Kullum da tsakar rana in na kawo fura sai in durƙusa nesa, na ba shi gefe, shi yana magana da jaririya, ni ina ba jaririya amsa, ita kuma tana tsotsar yatsa ko tana barci abinta. Gwaggon mijina ta gan mu sau ɗaya, ta kai ƙara wajen uwar mijina cewa suruka ta zubar da kunya. Uwar mijina ta ce, "Kin ji ta yi mishi magana?" Gwaggo ta ce a'a, da jinjira take. "To shi ya yi mata?" A'a, shi ma da jinjira yake. Uwar mijina ta ce to ta je ta yi wa jinjirar faɗa.

Dabarar farko da ya kawo ita ce a rufe wa mazan ido. Ya dama katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin ramin rini, da ƙaro, na kamo maza biyar na shafe musu ido da tsinke, na sake su. Ya ce jaririya ta tambaye ni me suke yi. Na ce biyu sun tashi sun bugi reshe sun faɗo, sauran sun maƙale wuri guda, ga mace kusa da su ba su nufe ta ba. Na ɗauka zai yi murna. Amma bai yi ba.

"Amarya, ce ma uwarki ta wanke musu. Na san abin da suke ji." Can ya ƙara da cewa, "Kuma Maharbi cewa zai yi ko mutum ka shahe ma ido, ba ranar zai tahi neman aure ba. Gaskiya tai kuma."

Na wanke musu ido da ruwan buta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce irin adalcinsa: kafin ƙanensa ya kawo hujja, shi ya riga ya kawo wa kansa.

Kwana uku yana tunani, ga kwanakin ƙwarin suna ƙarewa. Rana ta huɗu ya zo da dabara irin ta marini. Ya ce in tsinto matattun mata guda goma, in shanya su su bushe. Sannan a tsoma su duka goman cikin katsi da ƙaro, kowace ta sha daidai da ƴar uwarta, har su yi baƙi ƙirin ba sheƙi. In sun bushe, biyar a goge musu baya kawai da tsumma mai laima har tsanwar ta fito, biyar a bar su yadda suke. Ta haka warinsu ɗaya, ba mai cewa katsi ya rufe ƙanshin wasu ya bar na wasu. Bambancinsu launi kaɗai. Na yi yadda ya ce. Ya karɓe su ɗaya ɗaya yana shafawa da yatsa, yana kai wa hanci, har ya gamsu.

Sai ya aiki maigidana. "Ka ce ma babanka ƙarami gobe in rana ta take ina bagaruwa. In shina da sauran magana ya zo da hancinshi."

Washegari gari ya waye garau, ba gajimare ko ɗaya. Na soke gogaggun biyar da ƙaya a reshen dama, baƙaƙen biyar a reshen hagu, duka a rana, kuma daidai tsayin mutum. Maigidana ya zaunar da Baba a tsakiya ya koma cikin gero, don ya ce ba zai iya tsayawa tsakanin iyayensa ba. Na durƙusa a wurina da goyo. Can sai ga Baba ƙarami da karensa, fuska a murtuke.

Ba su yi doguwar gaisuwa ba. Baba ya bayyana masa yadda aka yi. Baba ƙarami ya bi goman nan yana shinshinawa, dama da hagu, ya sake komawa. Ya ce, "Wari guda na. Na yarda."

"In sunka sauka dama sunka bar hagu hwa?"

"Ido na."

"In sunka sauka ko'ina?"

"Hanci na."

"To zauna nan kusa gare ni. Kai za ka duba, ka hwaɗa mini."

"In hwaɗa maka? Kai ina naka idon?"

"Ba ni gani, Maharbi."

Baba ƙarami ya tsaya kamar an dasa shi. Ya sunkuya ya dubi fuskar wansa da kyau, abin da bai yi ba damina biyu. Ya ɗaga hannu ya gitta gabansa. Baba bai ƙifta ba.

"Tun yaushe, Yaya?"

"An jima."

"Ba ka hwaɗa mini ba."

"Muna magana ne?"

Baba ƙarami ya zauna a ƙasa, ya kori karen da ba abin da ya yi masa. Rana tana dukan reshen nan, gogaggun biyar suna walƙiya har ido ba ya son tsayawa a kansu.

Mun jima kafin mu ji ƙugin na farko. Ya yi shawagi sama, ya faɗo.

"Ɗaya ya sauka," in ji Baba ƙarami, murya ƙasa ƙasa. "Dama."

"Mi yake yi?"

"Ya hau ta. Shina ta hwama, bai san gawa ta ba."

Baba ya gyara zama. Na biyu ya zo, dama. Na uku da na huɗu tare suka faɗo kan mace guda suna ture juna, Baba ƙarami ya ba da labarinsu har ya manta da fushi ya yi ƴar dariya. Duk wanda ya sauka sai ya ce dama, Baba kuma sai ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Har bakwai. Ni zuciyata kamar ta fito don murna.

Sai ga wani ya zo. Ya kewaya reshen dama, ya wuce shi, ya je ya sauka a hagu, kan baƙar da ke can ƙarshe. Bai kuma tashi ba, ya hau bayanta ya zauna sosai. Na gani. Baba ƙarami ya gani. Ya dube shi, ya dubi wansa, ya juyo ya dube ni. Sannan ya miƙa hannu a hankali ya ɗalle shi da yatsa. Ƙwaron ya tashi da ƙugi.

Baba ya ce, "Mi na ji?"

"Babu komi. Hagu ba wanda ya sauka. Ka ci, Yaya. Ido na, na yarda."

Wannan ita ce kalmar da Baba ya yi shekaru yana jira. Na ɗauka zai ɗaga hannu ya gode wa Allah. Sai ya juyo da kunnensa wajena.

"Amarya, tambayi uwarki. Hagu ba wanda ya sauka?"

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar ba. In na ce haka ne, na yi wa makaho ƙarya, shi da ya ari idona. In na ce ba haka ba ne, na ƙaryata Baba ƙarami a gabansa. Na sunkuyar da kai ina duban ƙasa, bakina ya ƙi buɗewa. Shirun ya ishe shi amsa.

Ya juya wajen ƙanensa. "Na makance ne, ban kurumce ba. Daga hagu ya tashi, na ji shi. Tun muna samari kake musu da ni, ba ka taɓa bar mini ko taki guda ba. Yau ka ga naka da idonka, ka ɓoye? Don ka ga na zama abin tausai? Sadaka za ka ba ni?" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ka zage ni gaban mutane na daure. Wagga ba ni daure mata. Hwaɗi abin da ka gani."

Baba ƙarami ya share fuska da hannun riga. Ya daɗe yana sharewa. Da ya buɗe baki sai muryarsa ta dā ta dawo, mai kaushin nan.

"To, ɗaya ya sauka hagu. Kuma ya daɗe, da ban kore shi ba da har yanzu shina nan. Mi ya kai shi? Hanci ya kai shi."

"Bakwai da ɗaya, Maharbi!"

"Ɗayan ga shi na mai hankali cikinsu. Sauran samari na, ado ya ruɗe su."

"Ƙila kuma gogewar tsumma ta taɓa ta gefe, sheƙi ya hito."

"Na duba, baƙa ta ƙirin. Ka gani, ko an hwaɗa maka?"

Baba ya fashe da dariya, ya yi ta yi har hawaye suna bin gemunsa, har jaririyar ta farka ta sa kuka. Ya ce a bar maganar a buɗe ke nan, baɗi a soke ashirin. Baba ƙarami ya ce a soke ɗari ma, yana nan. Ya tashi ya kama bakin sandar wansa, ya ja shi suka nufi gida, yana gaba Baba yana baya, suna ta yi da ƙarfi yadda masu aiki a gonakin gefe suka riƙa ɗago kai. Na bi su a baya da ƙwarya a kai. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin surukina cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma ba don ya ci gardama ba ne, don bai ci ba.

Damina shida ya ƙara bayan wannan, a cikin duhu duka. Kowace shekara ƙanensa yana jansa zuwa bagaruwa, yana faɗa masa dama da hagu, bai sake rage masa ko ɗaya ba. Bana ma sun je, saura kwana goma sha wani abu ya cika, suka dawo ba su kashe maganar ba.

Allah ya yafe masa, ya sanyaya masa makwanci, ya mayar masa da ganinsa a inda ya tafi.